Yadda Kifin Inna Ya Shiga Littafi

Ni mai karatun littattafan hikaya ce tun ina 'yar sakandare, kuma tun lokacin nake ƙorafi a kansu. Duk wanda ka buɗe sai ka tarar da gidan bene a Abuja, da maigadi a bakin ƙofa, da yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba. Mu kuwa a tsakiyar Yelwa muka tashi, a wani lungu da idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, bayi ɗaya, ga kwata ta ratsa tsakar gida ta fice ta ƙarƙashin zaure. Na sha ce wa ƙawayena, wai mu ba mutane ba ne, da har yau ba wanda ya ga ya dace ya rubuta mu? Ina faɗa ina hura hanci, ban san abin da nake roƙo ba.

Inna bandar kifi take yi, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Da safe za ta gangara bakin ruwa ta tari Sarkawa masunta da suka dawo daga tafki, ta sayo tarwaɗa da ƙarfasa, wani lokaci har da kurungu. A bayan gidanmu akwai ɗan fili inda ta jera murhunanta, kowanne rabin durom ne da ragar waya a sama. A nan ake feɗe kifin, a wanke, a naɗe tarwaɗa a soke ta da tsinke, a jera a kan wuta. Kowace mai banda haka take yi. Inda Inna ta bambanta shi ne a ƙarshe. Idan kifi ya kusa bushewa sai ta janye itacen ta bar garwashi, ta watsa bawon albasa a kai, irin wanda ake sharewa a zubar a kasuwar albasa, ita kuwa take sa a kwaso mata a buhu. Hayaƙinsa ke ba kifinta wani ja mai sheƙi, da ƙamshin da ko idonka a rufe za ka gane. Ƙwari kuwa da barkono take maganinsu. Tana barbaɗa dakakkensa a ƙasan kwali kafin ta jera kifin, kuma idan kaya ya kwana biyu bai tashi ba sai ta sake mayar da shi wuta. Daga nan ta ɗaure kwalin da igiya, ta ƙulla shuɗin ƙyalle a wuyan igiyar.

Wannan ƙyallen shi ne sunanta a kasuwa. Yawancin masu banda ba su iya rubutu ba, don haka kowace da alamar da take sa wa kayanta kada ya ɓace a cikin lodi. Wata da gawayi take zane a jikin kwali, wata ganyen kaba take soke wa. Na Inna shuɗi ne. Daga wani tsohon zanen uwarta ta fara yagowa, da ya ƙare ta ci gaba da sayen irinsa. Direbobi sun san shi, 'yan dako sun san shi. Akwai wata Bayarabiya da ke zuwa daga Ilori duk ranar babbar kasuwa, shekara da shekaru tana sayen kayan Inna, kuma ba ta ko buɗe kwali. Da ta hango shuɗi sai ta ce a ɗora a mota.

Ɗakin da ke manne da namu na wata mata ne da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Damina ɗaya aka haife ni da ɗanta. Bayan haihuwar ta kwanta ciwo mai tsanani har nononta ya ƙafe, Inna ta ɗauke shi ta haɗa mu ta shayar. Shi ma Inna yake ce mata. Mun tashi muna gardamar wane ne babba, ina ce masa ƙanena yana ce min ƙanwata, kuma har yau ba wanda ya sauko. Ya yi karatu a Sakkwato, ya samu aiki a Kaduna, ni kuma na zama malamar firamare a nan gida. Duk mitar da nake yi a kan littattafai a kunnensa nake yi, yana murmushi kawai. Sai wata rana ya turo min saƙo a waya, wai ƙanwata ga amsar ƙorafinki. Littafi ya fara rubutawa, yana sakinsa babi-babi ga masu karatu a waya.

Ban kai ƙarshen shafin farko ba na zauna a bakin gado. Lungunmu ne. Bai ambaci sunan garin ba, ya kuma canza wa kowa suna, amma ga layin jarkoki a bakin famfo da faɗan wa ya riga ajiyewa. Ga mai gidan haya da ke rantsuwa duk damina cewa bana zai gyara kwata. Ga ɗan kabu-kabun da ke kwantar da babur ɗinsa a tsakiyar zaure, kowa ya wuce a karkace yana tsaki. Ga tsofaffi a kan dakali suna lissafa gonaki da itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi, kowa yana nuna tafki da haɓa kamar gidansu na nan a ƙasa yana jiransa. Har tarin da Baba yake yi a zaure kafin ya yi sallama ya sa, da warin man inji da ke rigarsa in ya dawo daga aikin jirgin ruwa. Ni da aka haifa a cikinsa na manta da wannan tarin, sai da na gan shi a rubuce na ji shi a kunnena.

Abin da ya fi burge ni, bai mayar da mu abin tausayi ba, bai kuma mayar da mu abin dariya ba. Mutanen cikin littafin suna faɗa, suna shiryawa, suna aron gishiri, suna gulma, kamar yadda muke. A tsakiyarsu kuwa akwai wata mai bandar kifi, gwauruwa, mai tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, mai watsa bawon albasa a garwashi, mai ƙulla shuɗin ƙyalle. Idan aiki ya yi mata daɗi tana rera wata waƙa ta yaren Gunganci da ta gada wajen uwarta, wadda ita kanta ba ta san ma'anar rabinta ba. Ko makaho ya san wace ce.

Na fara karanta wa matan gidanmu. Bayan la'asar ake zaman soke kifi a bayan gida, Inna da Gwaggo da duk wadda ba ta da aiki, sai in jawo kujera 'yar tsuguno in buɗe waya. Ban taɓa ganin abin da ya haɗa gidan nan kamar wannan karatun ba. Ana zuwa kan wata sai a sa dariya a nuna ta da tsinke. Wata ta yi fushi an sa ta, wata ta yi kwana biyu tana kumbura don ba a sa ta ba. Gwaggo ta riƙa tafiya kamar ba ta son taka ƙasa, an ce ɗanta marubuci ne. Inna kuwa in aka zo kanta sai ta ce yaron ga ba shi da kunya, amma tana faɗa tana gyara ɗaurin kallabi. Ranar da na karanta wurin tarin Baba, ta ajiye kifin da ke hannunta ta ce in maimaita. Na maimaita, ta goge ido da gefen zane ta ce hayaƙi ne.

Ba mu kaɗai muke bi ba. Wata mai daɗin murya, ban san ko daga ina take ba, ta riƙa karanta kowane babi tana naɗa, ana turawa daga waya zuwa waya. Ta haka littafin ya kai ga waɗanda ba su iya karatu ba. Za ka ji shi a tasha, a shagon cajin waya, a bakin ruwa wajen masu jiran jirgi, a motocin da ke zuwa Wara da Shanga. A kasuwa 'yan dako suka fara kiran Inna da sunan matar littafin, tana korarsu da mafici tana dariya. Har wasu baƙi suka riƙa tambayar rumfar mai shuɗin ƙyalle don su gan ta da idonsu.

Babin da ya ɓata komai ya shigo ne ina hanyar dawowa daga makaranta, ban samu na duba shi ni kaɗai ba. Na tarar an riga an zauna ana jirana, na buɗe na kama karantawa da ƙarfi. Damina ce a cikin labarin, ruwa ya ƙi ɗaukewa, itace ya jiƙe, motoci ba su zo ba. Kifin matar ya fara ƙwari, ga marayu ba abin da za su ci. Sai ta je ta sayo ƙaramar kwalbar fiya-fiya, maganin nan na kashe sauro da kyankyaso, ta tsarma da ruwa ta yayyafa wa kifin tana kuka, ta rufe kwali, ta ƙulla shuɗin ƙyallenta. Kwalin ya yi tafiya mai nisa, wasu mutane suka saya suka yi miya, ƙaramar 'yarsu ta ci ta mutu.

Ban san yadda aka yi na kai ƙarshe ba. Tun daga kwalbar, bakina ne kawai ya ci gaba da tafiya. Kuma gaskiyar magana, duk littafin babu babin da ya kai wannan kyau. Ya rubuta yadda matar ta wanke hannunta ta sake wankewa, har ni da na san ƙarya ce, ni da nake dakan barkonon nan tun ina ƙarama, sai da hawaye ya zubo min. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Da na gama, ba wadda ta motsa. Gwaggo ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali duk mun san ba ta ɗora komai ba. Sauran matan suka dukufa a kan kifi kamar yau suka fara ganinsa. Inna ta juya hannunta na hagu ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ɗiyata, tabon ga nawa na. Bawon albasa nawa na, ƙyalle ma nawa na. To kwalbar ga ta wa ta?"

Na ce mata labari ne kawai, ƙirƙira ce. Ta ce in ƙirƙira ce, mi ya hana shi ƙirƙiro wani ƙyalle. Na tashi na koma zaure na kira ɗan Gwaggo a waya.

Ya ɗauka da fara'arsa, yana tambayar ko babin ya kama ni. Ban ko amsa gaisuwarsa ba na wanke shi tas, kuma ni idan raina ya ɓaci ba na zaɓen kalma. Ya bari sai da na gaji, sannan ya fara bayani a natse, irin natsuwar da ke ƙara tunzura mutum. Wai ai ya canza suna. Wai tun a shafin farko ya rubuta cewa duk abin da ke ciki ƙagagge ne. Wai ni ma na san ana zuba wa busasshen kifi magani a kasuwanni, kuma mutane na cutuwa, ba wanda ke magana. Na ce na sani, amma ba Inna ba, me ya sa bai ɗora wa wata ba.

Ya ce, "Da na ɗora ma wadda ba a so, ba wanda zai ji zahi. Sai wadda kowa ka so ta yi shi, sannan a gane talauci na iya kai mutumin kirki can."

Abin da ya faɗa gaskiya ne a wajen labari, ni mai karatu na san haka. Amma wannan wadda kowa ke so ɗin tana bayan gida yanzu da tsinke a hannu, kuma jibi za ta kai kaya kasuwa. Na ce masa a Kaduna shafin farko ake karantawa, a tashar Yelwa kuwa ƙyalle ake dubawa. Mai naɗar murya ma ba ta taɓa karanta wannan gargaɗin nasa ba, daga babi na ɗaya ta fara. Ya ce yana ganin ina ƙara wa abin gishiri, mutane ba yara ba ne.

Ranar kasuwar ta faɗo ba makaranta, na raka Inna. Tun daga bakin kasuwa na lura 'yan dakon da ke rige-rigen ɗaukar kayanta sun daina kiranta da sunan nan, suna gaishe ta a daƙile suna kauda kai. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce mata uffan. Mutum zai zo, ya ɗaga kifi ya yaba, idonsa ya sauka a kan shuɗin ƙyalle, sai ya ajiye a hankali ya goge hannu a riga ya wuce rumfar gaba. Wani dillali da ya daɗe yana jin haushin Inna don ba ta bi ta hannunsa wajen ciniki, ya zauna nesa kaɗan, ya ƙure muryar wayarsa, babin nan na tashi. Da hantsi ma'aikatan duba-gari suka shigo, wai an kai musu ƙorafin ana sa wa kifi magani. Rumfar Inna suka fara tsayawa. Suka buɗe kwalayenta, suka sansana, ɗayansu ya yi ta atishawa saboda barkono, suka ce ba komai suka wuce. A can ciki an ce sun kama wasu da kwalabe, kuma har yau ina cewa wannan alheri ne da littafin ya jawo. Sai dai abin da kasuwa ta gani ta riƙe shi ne a gaban wa suka fara tsayawa.

Bayarabiyar ta iso bayan azahar. Ta rungume Inna kamar kullum, ta tambayi yara, ta zauna a kan benci. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce ita ta yarda da Inna fiye da yadda ta yarda da 'yan ɗakinsu, amma direbobi sun kai labarin can, Hausawan zango sun ji, daga bakinsu ya shiga kasuwa. Masu saye a wajenta sun ce kada ta sake kawo musu mai shuɗin ƙyalle. Ta ce idan Inna za ta kwance ƙyallen, ta kuma daina sa abin da ke sa kifin ja, za ta ɗauka ta cuɗa shi da na sauran mata, ba wanda zai gane.

Inna ta jawo kwali ta buɗe, ta ɗauko tarwaɗa daga tsakiya, ta ɓantara ta ci a gaban kowa. Ta buɗe wani ta ci. Ta bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya tana ci, ba ruwa, ga barkono, idanunta na zubar da hawaye, mutane sun taru suna kallo. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe min wuri guda irin na ranar ba. Sai na ji wani daga baya yana ce wa na kusa da shi, ai ita ta san waɗanda ba ta zuba wa ba. Inna ma ta ji. Ta goge bakinta, ta zauna, ta fara kwance ƙyallayen da kanta. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori.

Tun daga ranar ba a sake kawo buhun bawon albasa gidanmu ba. Kifin Inna ya koma baƙi-baƙi irin na kowa, yana tafiya Ilori a kwalin da ba alama, kuma ana saye, ba mu rasa abinci ba. Amma matar da ake ɗaukar kayanta ba a buɗe ba, ta koma duk wanda ya tsaya a rumfarta, ko bai tambaya ba, sai ta ɓantari kifin ta ci a gabansa kafin ta miƙa masa. Ya zame mata jiki, ba ta ma sanin ta yi. Waƙar Gungancin nan kuwa ban sake jin ta a bayan gida ba.

Ɗan'uwana da labari ya kai masa hankalinsa ya tashi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya rubuta dogon bayani ya saka inda yake saka babi, cewa matar da ya ɗauki siffarta ba ta taɓa aikata haka ba, da nononta ya rayu, ya roƙi a yaɗa. Mai daɗin muryar ba ta naɗa ba, ba kuma wanda ya tura wa wani, don babu kuka a ciki babu mutuwa. Ya ce zai goge babin, na ce ya bi wayoyin direbobi ɗaya bayan ɗaya ya goge. Gwaggo kuwa ta daina zuwa zaman soke kifi. Ɗaki manne da ɗaki, amma sai ta leƙa ta ga Inna ba ta tsakar gida sannan ta fito alwala. Inna ce da kanta ta gaji da wannan ɓoyon, ta ɗaga labulenta wata safiya ta ce mata ta hito, ba ita ta rubuta ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Littattafan gidajen bene da nake rainawa ba su taɓa cutar da kowa a lungunmu ba, don ba wanda ya yarda da su, ana karantawa ne a huta. Nasa kuwa an yarda da shi saboda ya faɗi gaskiya a kan jarkoki da kwata da tarin Baba, sai ƙarya ɗaya ta bi bayansu ta shige, ba wanda ya tare ta. Mai kuɗi idan an sa shi a littafi yana bayan katanga, bai ma san an yi ba. Mu kuwa a fili muke, ba abin da muka mallaka sai yadda aka san mu. Duk da haka ban goge littafin daga wayata ba. Idan kewar Baba ta dame ni can nake zuwa, kuma yanzu babu inda ake watsa bawon albasa a garwashi sai a cikinsa. Nakan karanta, in na kusa babin nan in kashe wayar.

Bai zo gida ba sai bayan damina ta wuce. Ya yi ta ɗaga tafiyar yana cewa aiki, mun kuwa san abin da ke riƙe shi. Ya iso da rana tsaka, ya rame, ya tsaya a zaure yana sallama kamar baƙo. Ni na so in bar shi ya bushe a wurin, amma Inna ta ce in shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya durƙusa a gabanta ya fara magana, ta katse shi ta ce ya sha hanya, ya ci abinci tukuna. Tun da ta ji yana tafe ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar busasshiyar tarwaɗa, abin da ya fi so tun muna yara. Ni na kawo masa ruwan wanke hannu, na dangwarar a gabansa ban ce masa ƙanena ba.

Ya wanke hannu, ya buɗe kwanon miya, ya yi bisimilla. Ya kai hannu zai ɗauki kifin, sai hannun ya tsaya a sama. Ba daɗewa ya yi ba, amma na gani, Gwaggo da ke bakin ƙofarta ta gani. Har yau ban san abin da ya tsayar da shi ba. Ko kunya ce, ko ganin kifin ya yi baƙi ba irin wanda ya sani ba, ko kuwa shi ma abin da ya rubuta da hannunsa ne ya faɗo masa a rai. Ban taɓa tambayarsa ba, don ina tsoron amsar.

Inna ma ta gani. Ba ta ɓata fuska ba. Ta matso, ta sa hannu a cikin kwanonsa, ta ɓantari gefen kifin ta kai baki, ta tauna a gabansa ta haɗiye, daidai yadda take yi wa baƙin kasuwa. Sannan ta tura masa kwanon.

"Ci, ɗana. Na ɗanɗana ma."

Gwaggo ta saki labule ta koma ciki. Matar da ta ɗora shi a cinya ɗaya da ni ta ba shi nono, yau ita ce ke nuna masa abincinta ba ya kisa. Sai ya sunkuyar da kai ya fara ci, hawaye na ɗiga a cikin miyar, Inna na zaune tana kore masa ƙuda da mafici. Bai ɗago ba har kwanon ya ƙare.